Damawa da Kowa a Arewacin Kamaru: Gudummawar Marubuciya Djaïli Amadou Amal

1.0 Gabatarwa

Idan Bahaushe ya ce ana damawa da wane, yana nufin ana yin sha'ani da shi, ana jin ta bakinsa, kuma yana da rabo a cikin abin da aka samu. Daga damun fura aka aro maganar, sai ta bunƙasa har ta zama ita ce 'yan siyasa da 'yan jarida suke amfani da ita idan ana zancen bai wa kowane jinsi da kowace ƙabila dama a wuraren aiki da kafofin watsa labarai. Wannan takarda za ta duba yadda batun yake a arewacin Kamaru, wato yankin da birnin Garwa ya daɗe yana zaman cibiyarsa, ta hanyar bin sawun marubuciya guda ɗaya, Djaïli Amadou Amal, daga littafinta na farko a 2010 zuwa wanda ya fito a 2024.

Abin da takardar take son nunawa shi ne, hukumomin Kamaru sun daɗe suna auna damawa da ma'aunin yanki, wato mutum nawa aka ɗauka daga arewa, nawa aka ɗauka daga kudu. Wannan ma'auni yana da amfaninsa, amma akwai mutanen da ba ya ganinsu ko kaɗan: yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar, da tsohuwar da aka yi wa ƙazafin maita, da 'yar aikin da ta sauko daga kan dutse ta shiga birni wanke-wanke. Fito da irin waɗannan mutane fili shi ne aikin da Amal ta sa a gaba. Ɗalibin Hausa zai tarar da yawancin matsalolin ba baƙi ba ne a gare shi, domin ya san irinsu a Kano da Katsina da Maraɗi.

2.0 Ƙasar da Jama'arta

Har zuwa 1983 arewacin Kamaru lardi ɗaya ne, Garwa ce hedikwatarsa. A wannan shekara aka raba shi uku: Adamawa mai hedikwata a Ngaundare, da Arewa mai hedikwata a Garwa, da Arewa Mai Nisa mai hedikwata a Marwa. A ƙidayar 2005 mutanen waɗannan yankuna uku sun haura miliyan 5 da rabi, a cikin kimanin miliyan 17 da rabi na ƙasar baki ɗaya, wato kusan kashi ɗaya bisa uku ke nan.

Mutanen kudancin Kamaru sukan yi wa 'yan arewa kuɗin goro, duk Musulmin da ya sa babbar riga sai a ce da shi Bahaushe. Gaskiya ne akwai Hausawa da yawa, zuriyar fataken da suka shiga ƙasar tun ƙarni na 19, kuma suna da unguwanninsu a Garwa da Ngaundare, har ma da Yawunde da Duwala. Sai dai harshen da ya haɗa jama'ar arewa a kasuwa da tasha shi ne Fulatanci. Dalilin haka na tarihi ne. Bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a farkon ƙarni na 19, Fulani suka kafa sarautu a Garwa da Marwa da Ngaundare da Rai Buba da sauran wurare, kowace da lamiɗonta, duk suna bin Yola. Jamusawa da suka ci ƙasar a 1901 da 1902, da Faransawan da suka gaje su bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta hannun waɗannan lamiɓe suka yi mulki.

Ban da Fulani da Hausawa da Barebari da Larabawan Shuwa da Kotoko, akwai al'ummomi masu ɗimbin yawa da suka riga jihadi zama a ƙasar: Mafa da Mofu da Kapsiki a duwatsun Mandara, Giziga a kewayen Marwa, Tupuri da Masa da Musgum da Mundang a wajen iyakar Cadi, Fali a kusa da Garwa, Mbum da Gbaya a Adamawa. Da yawansu Kirista ne ko masu bin addinin gargajiya, wasu kuma sun musulunta. Sunan da aka daɗe ana yi musu jam'u da shi shi ne Kirdi, wanda nauyinsa ya yi kusa da na kalmar arna a Hausa.

A nan akwai wata kalma da ta kamata ɗalibi ya tsaya a kanta. Da Fulatanci ana kiran wanda ba Bafulatani ba kaaɗo, jam'i haaɓe. Wannan ita ce kalmar da ta shigo Hausa ta zama Kaɗo da Haɓe, kamar yadda muke cewa sarakunan Haɓe idan muna nufin sarakunan Hausa na kafin jihadi. Wato sunan da aka taɓa laƙaba wa Bahaushe a Kano, shi ne ake jifan ɗan dutse da shi a Marwa, a matsayin ƙasƙanci. Za mu sake haɗuwa da kalmar a gaba.

3.0 Damawa a Idon Hukuma

3.1 Kaso a Aikin Gwamnati

Shugaban Kamaru na farko, Ahmadu Ahijo, haifaffen Garwa ne. Ya yi mulki daga 1960 zuwa 1982. Ya tarar da ƙasa wadda kudancinta ya yi wa arewa fintinkau a karatun boko, saboda makarantun mishan sun fi yawa a can, kamar dai yadda abin ya kasance a Nijeriya. Maganin da gwamnatinsa ta kawo shi ne tsarin daidaita yankuna, inda aka ware wa kowane lardi kasonsa a jarrabawar shiga manyan makarantun horar da ma'aikata. An sa tsarin a doka a 1975, aka gyara shi a 1982. A rabon da aka fitar a 1992, Arewa Mai Nisa ta samu kashi 18 cikin 100, Arewa kashi 7, Adamawa kashi 5, jimla kashi 30. Mai karatu ɗan Nijeriya zai tuna da tsarin raba-daidai da ya shiga kundin tsarin mulkin 1979, wanda aka kafa wa hukuma ta musamman a 1996.

Ba za a ce tsarin bai yi komai ba. Ta hanyarsa 'yan arewa suka shiga aikin mulki da soja da kwastan. An kafa jami'a a Ngaundare a 1993, da Marwa a 2008, da Garwa a 2022. Cavaye Yeguie Djibril, ɗan Arewa Mai Nisa, ya hau kujerar shugaban majalisar dokoki a 1992 ya kuma shafe fiye da shekara 30 a kanta. Issa Tchiroma Bakary, ɗan Garwa, ya riƙe ma'aikatar watsa labarai daga 2009 zuwa 2019, sa'an nan ma'aikatar samar da aikin yi daga 2019 zuwa 2025. Duk da haka ƙorafi bai ƙare ba. A 2008, lokacin ɗaukar ɗalibai na farko a babbar kwalejin horar da malamai ta Marwa, 'yan majalisar arewa sun yi tsaye a kan cewa an tauye yankinsu, har sai da aka ƙara yawan waɗanda aka ɗauka.

Raunin tsarin a fili yake. Kaso yana tambayar daga wane yanki ka fito, ba ya tambayar ɗan wane ne kai a yankin, ko mace ce ko namiji. Haka kuma ba ya aiki sai a kan wanda ya riga ya gama sakandare ya zo ƙofar jarrabawa. Yarinyar da aka aurar tana aji uku ba ta cikin lissafi, domin ba za ta taɓa isowa wannan ƙofa ba.

3.2 Kafofin Watsa Labarai

An buɗe gidan rediyon Garwa a 1958, shekara biyu kafin samun mulkin kai. Yana watsa shirye-shirye da Faransanci da Fulatanci da Hausa da wasu harsuna, kuma a zamanin gajeren zango ana kama shi har cikin Nijeriya. Shekaru da yawa rediyo da talabijin suna hannun gwamnati kaɗai. Dokar da aka yi a Disambar 1990 ta buɗe ƙofa ga jaridu masu zaman kansu, amma gidajen rediyo da talabijin masu zaman kansu sai a 2000 aka fitar da ƙa'idar kafa su. Ko da aka buɗe, manyan jaridu da tashoshi a Yawunde da Duwala suka tare, kuma labarin arewa bai cika shiga cikinsu ba sai in an yi ambaliya ko kwalara ko hari.

Wannan giɓi ne ɗan jarida Guibaï Gatama ya so cikewa da jaridarsa L'Œil du Sahel, wato Idon Sahel, wadda tun ƙarshen shekarun 1990 ta duƙufa a kan labaran yankunan uku. A 2020 ya ƙaddamar da wata tafiya mai suna 'Yan Arewa Miliyan 10 don neman haƙƙin yankin, amma a watan Nuwamba na wannan shekara ministan cikin gida ya haramta ta, bisa zargin raba kan 'yan ƙasa.

Kawo rahoto daga yankin kansa yana da haɗari. A ranar 30 ga Yuli 2015 aka kama Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na Rediyon Faransa, a Marwa, saboda aikinsa a kan rikicin Boko Haram. Kotun soja ta yanke masa ɗaurin shekara 10 a Afrilun 2017, kafin a rage hukuncin a sake shi a Disambar wannan shekara. Idan har namiji mai makirfo a hannu yana fuskantar wannan, sai mai karatu ya ƙiyasta yadda muryar matar da take cikin gida za ta fita. A irin wannan fage ne ƙagaggen labari ya shigo ya yi aikin da jarida ba ta yi ba.

4.0 Marubuciyar

An haifi Djaïli Amadou Amal a Marwa a 1975. Mahaifinta Bafulatanin Kamaru ne, mahaifiyarta 'yar Masar. An yi mata auren da ba ta so tana da shekara 17, ta fito a 1998 bayan shekara 5. Aurenta na biyu ya kai shekara 10, shi ma ta bar shi saboda duka da cin zarafi, ta koma Yawunde. Kamar yadda ta sha faɗa a hirarrakinta, gwala-gwalanta ta sayar ta sayi kwamfuta da tebur da kujera, ta zauna rubutu.

Littafinta na farko, Walaande, l'art de partager un mari, ya fito a Yawunde a 2010. Na biyu, Mistiriijo, la mangeuse d'âmes, ya biyo baya a 2013, na uku kuma, Munyal, les larmes de la patience, a 2017. Duk ukun a Kamaru aka buga su, kuma kowanne da kalmar Fulatanci sunansa ya fara. A 2012, bayan wata ziyara da ta kai Amurka, ta kafa ƙungiyar Femmes du Sahel, wato Matan Sahel, mai tallafa wa karatun 'ya'ya mata da wayar da kai a kan auren wuri da auren dole.

A 2019 Munyal ya ci gasar adabin Afirka da gidauniyar kamfanin Orange ta fara shiryawa a wannan shekara. Daga nan wata mai buga littattafai a Faris, Emmanuelle Collas, ta nemi a sake fasalin littafin don masu karatu na waje, ya fito a 2020 da sunan Les Impatientes. Ya kai cikin huɗun ƙarshe a gasar Goncourt, wadda ita ce mafi daraja a adabin Faransanci, sa'an nan a ranar 2 ga Disamba 2020 ya ci Goncourt ta 'yan makaranta, wadda ɗaliban sakandaren Faransa suke zaɓen gwaninta. Kafin ita, wata 'yar Kamaru, Léonora Miano, ta taɓa cin wannan gasa a 2006, amma ita 'yar Duwala ce. Manyan sunayen adabin ƙasar, irin su Mongo Beti da Ferdinand Oyono da Calixthe Beyala, duk daga kudu suke. Wannan ya sa ake yawan ambaton Amal a matsayin macen farko daga arewa da ta yi fice a ƙagaggen labari.

A Maris 2021 asusun UNICEF ya naɗa ta jakadiyarsa a Kamaru. A 2022 aka sa Munyal cikin littattafan da 'yan ajin ƙarshe na sakandare suke nazari a ƙasar, aka kuma fitar da fassarar Ingilishi mai suna The Impatient. A wannan shekara ce Cœur du Sahel ya fito, sai Le Harem du roi a 2024, wanda ya shiga cikin gidan sarautar lamiɗo.

5.0 Waɗanda Ta Shigo da Su Fage

5.1 Matar Aure

Walaande a Fulatanci shi ne abin da Bahaushe yake kira ranar girki, wato kwanan da miji yake yi a ɗakin kowace mata. Littafin ya bi mata huɗu na wani attajiri a Marwa, ya nuna yadda dukiya ba ta hana zaman gidan zama ɗaci. Mistiriijo kuwa mayya ce, kuma jigon littafin shi ne yadda al'umma take ɗora wa tsohuwar da ba ta da gata laifin ciwon da ya kama wani.

Munyal shi ne haƙuri, ɗaya daga cikin ginshiƙan pulaaku, tare da kunya da hankali. Taurarin littafin uku ne, kowace da bakinta take ba da labarinta. Ramla tana son ta karanta ilmin haɗa magunguna, aka raba ta da wanda take so aka ba wa wani alhaji mai shekara 50. Hindu, 'yar ubanta, aka haɗa ta da ɗan'uwanta mashayi mai dukanta. Safira ita ce uwargidan da aka yi wa kishiya da Ramla. Duk wadda ta kai kuka gida, da kalma ɗaya ake sallamarta: a yi haƙuri. Marubuciyar ta nuna yadda ɗabi'a ta gari take komawa makamin rufe baki idan ɓangare ɗaya kaɗai ake nema da ita. Ta kuma sha bayyana cewa da al'ada take ja, domin Musulunci bai yarda a aurar da mace ba da yardarta ba.

Alaƙar wannan da batun aiki ba ta da nisa. Dokar Kamaru ta 1981 ta yarda a aurar da yarinya mai shekara 15, namiji kuwa sai 18. Kundin hukunta laifuffuka na 2016 ya ɗauki auren dole a matsayin laifi mai ɗaurin shekara 5 zuwa 10. Amma doka ba ta shiga ɗaki sai wani ya kai ƙara, kuma wadda aka horar da haƙuri ba ta kai ubanta ƙara. Kowace Ramla ma'aikaciyar asibiti ce da yankin ya yi asara tun kafin a zo rabon kaso.

5.2 'Yar Aiki

A Cœur du Sahel, wato Zuciyar Sahel, Amal ta juya alƙalaminta kan gidajen da ita kanta ta fito daga irinsu. Tauraruwar, Faydé, yarinya ce daga wani ƙauye a duwatsun Arewa Mai Nisa. Mijin mahaifiyarta ya ɓace a wani harin Boko Haram, noma kuma ba ya ciyar da gida, sai ta bi sawun ƙawayenta zuwa Marwa aikatau a gidan wani attajiri. A can ta gamu da raini da zagi da barazanar fyaɗe, ta kuma gane cewa sunanta a gidan kaaɗo, kome ƙoƙarinta. Abin lura shi ne, matan gidan da littattafan baya suka nuna ana zalunta, su ne a nan suke taka wata macen. Da wannan marubuciyar ta rushe tunanin cewa matan arewa jinsi ɗaya ne mai matsala ɗaya.

Yana da kyau a kwatanta wannan littafi da Une vie de boy na Ferdinand Oyono, wanda ya fito a 1956. A can yaron gida, Toundi, Bature yake yi wa bauta, kuma mai karatu ɗan Afirka yana iya karantawa ya ɗora laifin duka a kan mulkin mallaka. Bayan shekara 66, a littafin Amal, mai gida da 'yar aiki duk 'yan ƙasa ɗaya ne, 'yan yanki ɗaya, waɗanda a takardar kaso suna cikin kashi 18 ɗin nan tare.

Idan ana maganar wurin aiki a arewacin Kamaru, abin da yake fara zuwa zuciya shi ne ofisoshin gwamnati, ko kamfanin auduga na Sodecoton da aka kafa a 1974 mai hedikwata a Garwa. Amma ga yarinya irin Faydé, tsakar gidan wani shi ne wurin aikinta, kuma wuri ne da sufeton ƙwadago ba ya leƙawa. Dokar ƙwadago ta 1992 ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 aiki ba. Mafi ƙarancin albashi ya tashi zuwa sefa 36,270 a wata a 2014, sa'an nan a 2023 aka kai shi sefa 60,000 ga yawancin ma'aikatan da ba na gwamnati ba ne ba kuma na gona ba. A 2011 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya mai lamba 189 a kan haƙƙin masu aikin gida. Duk waɗannan a rubuce suke, amma 'yar aikin da aka ɗauka da baki, ba takarda ba shaida, ba ta da hanyar kama su. Wanda ya san yadda ake kawo 'yan aikatau daga ƙauye zuwa Kano ta hannun dillaliya ya san labarin.

6.0 Matsalar Harshe

Akwai tambayar da ba za a kauce mata ba a sashen nazarin harsuna: da wane harshe ake wannan magana, kuma wa yake ji? Kamaru tana da harsuna fiye da 250, amma Faransanci da Ingilishi kaɗai ne harsunan hukuma. Amal da Faransanci take rubutu. Ramla za ta iya karanta labarinta domin ta yi makaranta, amma uwarta da gwaggonninta, waɗanda su ne masu cewa a yi haƙuri, da wuya su iya.

Sauyin sunan littafin ma abin nazari ne. Bugun Yawunde da kalmar munyal ya fara, ya kuma ambaci hawayen haƙuri, abin da duk macen yankin za ta gane nan take. Bugun Faris ya jefar da kalmar Fulatancin, ya kira matan marasa haƙuri. Na farko yana nuna abin da aka ɗora musu, na biyu yana nuna bijirewarsu, wanda shi ne ya fi jan hankalin mai karatu a Turai. Ana iya sukar marubuciyar da cewa ta shanya sirrin gida a gaban baƙi waɗanda da ma suna da mummunan zato ga Musulmin Afirka. Sukar tana da ƙamshin gaskiya ta fuskar yadda kasuwar littafi take zaɓen labarin da take so. Sai dai a tuna cewa littattafanta uku na farko a gida aka buga su, 'yan gida suka fara karantawa, kuma rufe baki bai taɓa raba wata yarinya da auren dole ba.

A nan kwatanci da adabin Hausa yake da amfani. Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita ma aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, da Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Jigoginta su ne na Amal: auren dole, da kishi, da karatun 'ya mace. Kafin ita Hafsat Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980. Waɗannan mata da Hausa suka rubuta, littattafansu suka shiga ɗakunan matan aure, ana karɓar haya ana karanta wa juna. Saƙonsu ya isa inda aka nufa, har ya tayar da ƙura, domin a 2007 an ƙona littattafan soyayya a Kano a bainar jama'a. Amma duniya ba ta san Balaraba sosai ba sai a 2012, da wani kamfanin ɗab'i a Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Aliyu Kamal ya yi.

Ke nan kowace hanya da ribarta da hasararta. Mai rubutu da harshen gida tana samun kunnen maƙwabta amma ba ta da kariya, mai rubutu da harshen Turai tana samun lambar yabo da kujera a gaban ministoci amma tana nesa da tsakar gida. Abin da zai haɗa biyun shi ne fassara da rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta mata zalla a 2016, ana karanta labaran da suka yi fice a iska. Rediyon Faransa, wanda ya buɗe sashen Hausa a 2007, ya ƙara da na Fulatanci a 2019. Waɗannan kafofi suna isa ga macen da ba ta taɓa riƙe littafi ba.

7.0 Kammalawa

An ga yadda hukuma a Kamaru ta ɗauki damawa a matsayin lissafin yankuna, da yadda kafofin watsa labarai suka bar arewa a gefe, da kuma yadda Djaïli Amadou Amal ta yi amfani da ƙagaggen labari ta shigo da matar aure da tsohuwa da 'yar aiki cikin zancen ƙasa. Darasin da ke ciki shi ne, idan aka ce an dama da arewa, sai a sake tambaya: da wa aka dama a cikin arewar? Amsar da ta tsaya a kan minista da ɗan majalisa ba ta cika ba.

Ga ɗaliban wannan sashe akwai aiki a buɗe. Garwa ba ta da nisa da Yola, kogin Binuwai ɗaya ne ya ratsa su, amma iyakar Faransanci da Ingilishi ta sa marubutan ɓangarorin biyu ba su cika karanta juna ba. Wanda ya iya Hausa da Faransanci, ko Hausa da Fulatanci, yana da abin da zai fassara, kuma masu sauraro suna nan a ɓangarorin biyu na iyaka.

Tambayoyin Nazari

1. Bi tarihin kalmomin Kaɗo da Haɓe a Hausa, ka kwatanta ma'anarsu da ta kaaɗo a arewacin Kamaru.

2. Kwatanta yadda aka sarrafa jigon haƙuri a Munyal da kuma a ɗaya daga cikin littattafan Balaraba Ramat Yakubu.

3. Waɗanne mutane ne tsarin kaso ba ya gani a jiharku ko yankinku? Kawo hujjoji.